Zaɓen Unguwa Kafin Ƙaura Zuwa Birni

Tun daga 1976, da Minna ta zama babban birnin Jihar Neja, jama'a ke ta kwarara cikinta neman abin zaman gari. Da yawa sukan kama gida ba tare da lissafi ba, daga baya bashi ya kai musu iya wuya.

Unguwanni ba ɗaya suke ba. Haya a GRA da Tunga sai mai albashi mai kauri. A Kpakungu da Maitumbi akwai rangwame, amma da cunkoso. Garatu kuwa, wadda ke kan hanyar Bida gaba da Gidan Kwano, ɗaki yana da araha, sai dai ma'aikacin da zai riƙa shiga gari kullum, kuɗin mota na iya cinye rarar da ya samu.

Saboda haka ya wajaba magidanci ya haɗa kuɗin haya, da na mota, da na ruwa, da na makarantar yara, ya auna su da abin da yake samu a wata. Ya tuna masu gida kan nemi hayar shekara gaba ɗaya. Ya kuma ziyarci unguwar da damina, ya ga halin hanya da magudanan ruwa kafin ya biya ko kwabo. Daidai ruwa, daidai tsaki.