Ƙwan Ƙadangare a Gindin Katanga

'Ya'yana na Bata, ku masu kasa kaya a bakin kasuwar Sabon Gari, da masu dakon dila a Kantin Kwari, da 'yan makarantar da ke ratsa Fagge da sassafe, ku ba ni aron kunnuwanku. Maganar wani maƙwabcinku zan yi, jan gwada mai gyaɗa kai a kan katanga, shi da matansa masu launin ƙasa. Manya sun san shi a karin magana, yara sun san shi a bakin danko, amma da wuya ka sami wanda ya taɓa tambayar yadda aka yi ya zo duniya, ko ta ina ya sami ƙasusuwan da yake tsere da su.

Idan damina ta sauka ƙasa ta yi laushi, macen takan nemi wuri mai yashi da danshi wanda rana ke taɓawa. Sai ta tona ɗan rami da baki da farata, zurfinsa kamar santimita 5, ta saka ƙwai biyar zuwa bakwai, ta mayar da ƙasa ta daddale, ta kama gabanta. Ba ta kwanci. Ƙasa da rana ke yin renon, na tsawon mako 8 zuwa 10. Ɓawon ƙwan mai taushi ne, yana tsotsar danshin ƙasa, shi ya sa yake ɗan kumbura kafin ƙyanƙyasa. A ciki ɗan tayin yana kwance cikin jakar ruwa, gwaiduwa ce abincinsa, ga kuma wata jakar da ke tara masa ƙazanta tana taya shi shaƙar iska ta jikin ɓawo.

Da farko babu ƙashi ko ɗaya a jikinsa. Guringuntsi ne ke fara fitowa da siffar cinya da dantse da 'yan yatsu. Daga nan jijiyoyin jini su kutsa tsakiyarsa, wasu ƙwayoyin halitta su riƙa cinye guringuntsin, wasu su riƙa zuba sinadaran kalsiyam da fosfaras a gurbinsa. Aikin yana farawa daga tsakiya ya nufi bakuna biyu, bakunan kuma a bar su da guringuntsi domin ta nan ƙashi zai ci gaba da tsawo bayan an ƙyanƙyashe. Ƙasusuwan saman kai kuwa ba sa bin wannan hanya, kai tsaye suke ƙulluwa a ƙarƙashin fata. Akasarin kalsiyam ɗin ɗan ƙadangare daga gwaiduwa yake fitowa, wato daga abin da uwar ta ci ta tara. Ɗan kada da ɗan kunkuru su sun fi dogaro da ɓawon ƙwai, suna zuƙe sinadarinsa a hankali, ƙashinsu na ƙarfi ɓawon na sirancewa, har ranar fita ta zo a fasa shi ba wuya. Tsarki ya tabbata ga Mai wannan tsari.

Ga abin da na fi so ku riƙe. A shekarar 1966, wata masaniyar dabbobi 'yar Faransa, Madeleine Charnier, tana aiki a Jami'ar Dakar ta ƙasar Sanagal, ta ajiye ƙwan irin wannan ƙadangare a ɗumi iri biyu. Waɗanda suka zauna a digiri 26 zuwa 27 na ma'aunin Salshiyas kusan duk mata suka fito, waɗanda ke digiri 29 kuma maza. Ashe a wannan halitta zafin ƙasa ne ke raba namiji da mace. Kafin ita ba a san haka a dabbobi masu jan ciki ba. Rahotonta ɗan gajere ne, an ɗauki lokaci ma ba a waiwaye shi ba, sai a shekarun 1970 da aka ga irinsa a kunkuru, a 1982 kuma a kadojin Amurka. Yau masu kiwon kada da masu ceton kunkurun teku da wannan sani suke aiki. Ba daga wata ƙasa mai nisa aka kawo mata dabbar ba. Abin da kowa ke wucewa ne ta tsaya ta duba da haƙuri, ta ƙirga, ta rubuta.

To, ku dubi unguwarmu. Daga Bata zuwa Titin Faransa, kwalta ce da siminti da tayil. Ƙasar da macen ƙadangare za ta tona ta yi ƙaranci, shi ya sa take komawa ga tulin yashin magina, ko gindin katangar makaranta, ko tukunyar fure. Idan kuna kwasar yashi kuka ci karo da 'yan fararen ƙwai, kada ku murƙushe su, kada kuma ku jujjuya su a hannu. Kaza tana juya ƙwanta, amma wannan ɗan tayin wuri ɗaya yake zama a cikin ɓawo, juyawa na iya halaka shi. In da hali ku rufe su ku bar su. In dole sai an ɗauke, a ɗauke su yadda suke kwance, a mai da su cikin yashi mai ɗan danshi. Ƙwarin da ke damunku a rumfa da tsakar gida, su ne abincin waɗannan 'ya'ya in sun fito.

Ku masu danko, ku ma ga taku. 'Yan uwan ƙadangare, tsaka da kulɓa, suna iya yar da wutsiya don su tsira, domin akwai gurbin karyewa da aka tanada a cikin ƙasusuwanta. Tana sake tsirowa, gaskiya ne, amma sabuwar babu ƙashi a cikinta, bututun guringuntsi ne kawai. Kitsen da dabbar ta tara a wutsiya kuma ya tafi ke nan. Wasan minti ɗaya a wurinku, asarar watanni ce a wurinta.

Sai kunkuru, wanda wasu gidaje ke ajiyewa don sha'awa. Mutane da yawa suna zaton ƙoƙon bayansa ɗaki ne da yake shiga ya fita. A'a, jikinsa ne. Tun yana cikin ƙwai haƙarƙarinsa suke bazuwa gefe maimakon su lanƙwaso ƙirji, daga baya su yi faɗi su haɗe da ƙashin baya, allon kafaɗarsa ma ya koma cikin haƙarƙari, abin da ba a samu a jikin sauran dabbobi masu ƙashin baya. Ranar da ya fito daga ƙwai ginin bai ƙare ba, akwai giɓi tsakanin ƙasusuwan kamar maɗigar jariri, sai a hankali suke cikewa. Saboda haka kada a huda ƙoƙon don a ɗaure shi da igiya, akwai jini da jijiya a wurin, yana jin zafi. Kada a kulle shi a lungu mai duhu ana ba shi ragowar tuwo da burodi. Babban kunkurun Sahel ciyawa yake ci da ganye, kuma da hasken rana fatarsa ke haɗa bitamin D, wanda in babu shi kalsiyam ba ya shiga jiki yadda ya kamata. In ya rasa waɗannan, ƙoƙon ya yi laushi ya karkace. Ƙa'idar nan ta shafi ƙannenku ma. A 1999 likitocin da suka yi bincike a Jos sun nuna cewa yaran da ƙafafunsu ke lanƙwashewa sun fi samun sauƙi da aka ba su kalsiyam fiye da bitamin D shi kaɗai. Ku faɗa wa iyayenku mata su riƙa sa wa yara nono da ƙananan kifi da miyar kuka a abinci.

Wanda zuciyarsa ta karkata ga wannan fanni a cikinku, ba sai ya jira shiga Jami'ar Bayero ba. Ya je Gidan Zoo na Audu Bako ya ƙare wa kada da kunkuru kallo. Daminar bana, in ya ga macen ƙadangare tana tona rami, ya rubuta ranar a littafinsa. Ya samo ma'aunin zafi mai araha, ya riƙa auna ƙasar gefen ramin safe da azahar ba tare da ya tona ba, har ranar da 'ya'yan suka fito. Sannan ya kai wa malamin da ke koya masa ilmin halittu su duba lissafin tare.