Darasi: Sana'o'in da Ke Raya Ƙasa

Ƙasar Malumfashi da Funtuwa ta yi suna wajen noman auduga da masara da dawa. Amma gona tana gajiya kamar yadda mutum yake gajiya. An sare itatuwa da yawa saboda girki da gawayi. A 2022 takin zamani ya yi tsada ƙwarai. A watan Mayu na 2023 gwamnati ta janye tallafin man fetur, sai injin ban-ruwa ya gagari manoman rani da dama.

To, akwai sana'o'in da ke raya ƙasa, kuma su kawo kuɗi. Ga guda uku.

1. Haɗa takin gargajiya. A haƙa rami. A zuba ciyawa da ganye da kashin dabbobi da toka, hawa-hawa. A yayyafa ruwa, a riƙa juyawa bayan mako biyu ko uku. Cikin wata uku taki ya nuna. Mai shi zai kai gonarsa, ya sayar da saura.

2. Renon dashe. A cika 'yan ledoji da ƙasa da taki, a shuka zogale ko mangwaro ko darbejiya. A yi ta ba su ruwa da rani. Da damina ta sauka, sai kasuwa. Mata ma suna iya yin wannan a cikin gida.

3. Gyaran famfon hasken rana. Wannan famfo ba ya shan fetur. Amma yana bukatar mai haɗawa da mai gyara. Saurayin da ya koyi aikin zai sami abin yi a fadama, ba sai ya tafi ci-rani ba.

Makwabta sun riga sun gwada raya ƙasa. Bayan farin 1984, manoman Maraɗi a Nijar sun daina tumɓuke kututture. Sai su bar toho mai ƙarfi ya girma, su sassabe saura. An ƙiyasta cewa itatuwa miliyan 200 suka farfaɗo a Nijar ta wannan hanya. Gawo yana cikinsu. Shi gawo da damina yake zubar da ganye, ganyen ya zama taki.

Idan ƙasa ta farfaɗo, rumbu ya cika, kasuwar gari ma sai ta farfaɗo.

Tambayoyi

1. Me ake zubawa a ramin taki?
2. Yaushe gawo yake zubar da ganye?
3. Wace sana'a ce ta dace da ƙauyenku?