Mai katin inshora bai kamata ya biya sau biyu ba

Mu ma'aikatan lafiya a Madina, Nima da Mamobi, unguwannin zango na yankin Accra a Ghana, mun saba ganin uwa ta zo da yaro jikinsa zafi zau, ta miƙa katin inshorar lafiya na NHIS, a ce mata sai ta yi ciko kafin a ba ta magani, sau da yawa ma ba rasit. In maganin yana cikin jerin da hukumar inshorar, NHIA, ta amince da shi, wannan ciko ya saɓa ƙa'ida, domin ta riga ta biya. Tun da aka kafa inshorar a 2003, don kawar da tsarin sai ka ajiye kuɗi kafin a duba ka, harajin kashi 2.5 cikin ɗari da ake ɗorawa kan kayayyaki ne babban jigon asusunta, kuma ba mai sayayya a kasuwar Madina da ya tsira daga gare shi.

Masu asibitocin kuɗi da dillalan magani suna cewa hukumar kan yi watanni ba ta biya su ba, farashinta kuma bai kai na kasuwa ba, shi ya sa suke yawan barazanar daina karɓar kati. Ƙorafinsu na da tushe, amma gwamnati suke bi bashi, kuma suna da ƙungiyoyi da lauyoyin da za su kai kukansu. Ɗora bashin kan ƴar kayayo, mai dako a kasuwa, da ke kwana a rumfa zalunci ne.

Wasu kuma na cewa talaka ba shi da baki. Amma a 2023 asibitin Korle Bu ya ɗaga kuɗin wankin ƙoda daga sidi 380 zuwa sama da 760. Ƙungiyar masu ciwon ƙoda da ƴan jarida suka yi ta matsa lamba har aka janye ƙarin, kuma a 2024 NHIA ta fara ɗaukar nauyin wankin. Zango na da abin da ya fi wannan ƙungiya yawa: masallatan Juma'a, sarakunan zango, ƙungiyoyin mata da na matasa. Su riƙa neman rasit na duk cikon da aka karɓa, su tattara, su kai ofishin NHIA na gunduma a rubuce, da sunan ƙungiya. Kafin nan kowa ya duba katinsa ta hanyar danna *929# a waya, domin wanda wa'adin katinsa ya ƙare ba shi da hujjar ƙorafi.