Darasin Adabi: Aljani Ba Ya Gyara wa Tauraro Hali

A wannan makon filinmu na adabi zai duba wata tambaya da ke kayar da mu a jarrabawa: yaya halin tauraro yake canzawa a labarin da akwai aljanu a ciki?

Ni ma ta taɓa kayar da ni. A zangon da ya wuce malaminmu na Hausa ya ce mu bayyana halin Alhaji Imam na littafin Ruwan Bagaja. Na cika shafi guda da labarin aljanu da abubuwan mamaki, amma maki biyu na samu cikin goma. Malam ya rubuta mini da jan biro cewa hali ya tambaya, ba abin al'ajabi ba.

Abubakar Imam ne ya rubuta littafin don gasar da aka shirya a 1933, aka buga shi a Zariya a 1934. Labarin ya faro ne daga Kwantagora. Ɗan Sarki ba shi da lafiya, Liman ya ce ruwan Bagaja ne maganinsa, sai Sarki ya kunyata shi a gaban jama'a. Abin ya yi wa Alhaji zafi, ya fita neman ruwan don ya wanke Liman.

Ga tambayoyi uku da nake amfani da su yanzu:

1. Yaya tauraron yake da farko? Alhaji ya bar gida da ɓacin rai, bai san wahalar duniya ba.

2. Me ya same shi a hanya? Ya haɗu da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, suka yi ta shirya wa juna makirci, yau wannan ya ci, gobe wancan ya rama. A nan za ka ga Alhaji ba waliyyi ba ne. Yana da wayo, wani lokaci har da zamba.

3. Yaya ya ƙare? Ya sha wuya shekara da shekaru amma bai juya ba, har ya kawo ruwan, Yarima ya warke. Yaro mai fushi ya zama mutum mai juriya da cika alkawari.

To ina aikin aljanu? Sun taimaka masa ya kai ga ruwan, amma ba su suka ba shi haƙuri ba. Ko aljani zai ɗauke ka daga Tiga ya dire ka a Riruwai kafin ƙiftawar ido, da halinka za ka sauka.

Ku gwada da tatsuniyar ruwan Bagaja da kakanninmu ke yi mana. 'Yar bora mai ladabi ce tun daga farko har ƙarshe, 'yar mowa kuwa da rashin kunya ta tafi, da shi ta dawo. Hanya ɗaya suka bi, abubuwan mamaki iri ɗaya suka gani, amma ba wadda ta sauya. Haka ma Gizo, kullum yana nan da wayonsa da kwaɗayi. Irin waɗannan taurari idan aka tambaye ka, ka ce halinsu bai canza ba, kuma ka kawo hujja.

Aikin gida: ka ɗauki labarin aljanu ɗaya da ka karanta ko ka ji a rediyo, ka amsa tambayoyin nan uku, ka kawo wa ƙungiyarmu kafin ranar Alhamis. Amsar da ta fi kyau za mu liƙa ta a wannan allo.

Sannan kowa ya yi wa kansa tambaya ta uku. Mu da muka shigo aji ɗaya muna makara da tsokana, yanzu yaya muke?

Daga wakilin aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta.