Ƙurar Hunturu da Farantin Hasken Rana

Manoman rani na Gude da Kabo, ku saurara. Tun da fetur ya yi tsada a 2023, waɗansunku sun koma ban ruwa da farantin hasken rana. Masana a Amurka suka ƙago shi a 1954. Na farkon yakan mai da kashi 6 cikin ɗari na hasken ya zama lantarki, na yau kuwa wajen kashi 20. Amma ƙurar hunturu takan tare hasken, sai ruwan injin ya ragu, albasa ta sha ƙishi. Masana sun ƙago wani shafi mai hana ƙura mannewa. To, kada ku jira shi. Ku goge farantin da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, tun bai yi zafi ba.