Yadda ake tayar da tsohuwar Cressida a Hajj Yusuf

Daga ranar 15 ga Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke a Khartoum har zuwa Maris ɗin 2025 da sojoji suka karɓe Sharq al-Nil, motoci da yawa a unguwar Hajj Yusuf da ke can ba su motsa daga inda aka ajiye su ba. Sababbi da masu tsada an yi awon gaba da su tun da wuri. Wanda ya dawo ya yi sa'ar tarar da tasa, sau da yawa tsohuwa ce: Cressida ta shekarun 1980, ko Hilux ɗin da mutanen nan ke kira boksi, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilashi. Da yawansu injin iri ɗaya ne a cikinsu, wato 22R na Toyota mai silinda huɗu da lita 2.4, wanda ya fito a 1981, aka sa shi har a Celica, motar 'yan gudu ta wancan zamani. Gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, kansa kuma alminiyam, kuma zafi ya fi saurin lanƙwasa alminiyam. A garin da zafin watan Mayu ke wuce digiri 40 kusan kullum, wannan shi ne abin da mai gyara zai riƙe a ransa tun daga farko.

Kada a murɗa makulli. Mai mota yakan zo gareji da sabon batir a hannu yana cewa, "Usta, a ɗan gwada mu ji." Usta, wato bakanike, in mai hankali ne ba zai yarda ba, don bangon silinda ya yi shekara biyu ba mai. Sai a kwance fulogi huɗun, a zuba baƙin mai kamar cokali guda a kowane rami, a bar shi ya kwana. Kashegari a sa sifana a babban noti na gaban injin a juya da hannu a hankali. In ya zagaya sau biyu bai cije ba, to an tsallake babbar fargaba. In ya cije, a ƙara mai a ƙara haƙuri. Wanda ya sa dogon bututu a sifana ya danna da ƙarfi, zoben fistin zai karya. Kafin a ɗaura batir a bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, saboda ɓeraye da kuma masu yanke tagulla.

Fetur ɗin da ya daɗe a tanki yakan koma danƙo mai tsami. A juye shi duka. A karon farko ma gara a ba injin mai daga galan mai tsabta ta sabuwar tiyo, tanki ya jira wanki. Kafiretan Aisan da injin ya zo da ita a sauke ta, a jiƙa, a hure ƙananan ramukanta da iska. Yaran gareji suna son zura musu waya, alhali waya tana faɗaɗa ramin ne, motar ta koma shan mai har abada. Daga nan a canza baƙin mai da matatarsa, a buga sitata ba tare da fulogi ba har fitilar mai ta mutu.

Tun fulogi na waje ake auna matsin kowace silinda. Lafiyayyen 22R yana ba da kusan kilo 12 a ma'auni, bai kamata ya sauka ƙasa da 10 ba, kuma tazarar da ke tsakanin silinda da 'yar'uwarta kada ta wuce kilo 1. In ɗaya ta yi ƙasa, a ɗiga mata mai a sake aunawa. Ta tashi, zobba ne suka ci. Ba ta tashi ba, bawul ne ba ya rufewa. Biyu maƙwabta suka faɗi tare, gaskit ya ƙone a tsakaninsu. Aikin bai fi rabin awa ba, amma shi ke raba mai gyara da mai canke, wanda zai sa ka sayi kwayil yau, famfon mai gobe, jibi ya ce sai an kwance injin an gyara shi gaba ɗaya.

Wuta ba ta da wuya: tazarar bakin fulogi milimita 0.8, jerin tashin silinda 1-3-4-2, a duba murfin distiributa ko ya tsage.

Idan injin ya tashi, sai a yi shiru a saurara, musamman daƙiƙun farko. Ƙarar kacau-kacau daga gaba labarin sarƙar taimin take bayarwa, kuma nan ne 22R yake da cutarsa ta gado. Daga wajen 1983 Toyota ta koma sarƙa mai layi ɗaya, mai gogawa a kan takalman roba. Da tsufa takalmin yakan karye, gutsattsarinsa su faɗa kwanon mai, sarƙar ta shiga cin murfin alminiyam da ke gefenta. Bayan wannan murfi kuwa hanyar ruwa ce. Ranar da sarƙa ta huda shi, ruwa ya gauraya da mai, sandar awo ta fito kamar shayi da madara. Da ganin haka yawancin mutane sai su ce gaskit ne, a sauke kan injin, a kai shi a goge, a mayar, bayan mako guda mai ya sake yin fari. Da an cire murfin bawul an haska tocila ƙasa ta bakin sarƙa, da an ga takalmin da ya ɓace da kuma zanen da sarƙa ta yi a jikin murfi. Maganinsa sabon murfi, sabuwar sarƙa da takalma masu bayan ƙarfe, sannan a sauke kwanon mai a kwashe gutsattsarin kafin su toshe matsotsar famfo. In kuma dole sai an sauke kan injin, akwai wani ɗan ƙaramin noti a gaba, ƙarƙashin giyar sarƙa, ya nutse cikin mai ba a ganinsa. Wanda ya manta da shi ya ɓamɓari kan da ƙarfi, zai fasa murfin da hannunsa.

Bawul da zafinsa ake saita shi: milimita 0.20 ga na shiga, 0.30 ga na fita.

Sai maganar sanyaya injin, wadda a ganina ita ce gyaran ƙarin ƙarfi na gaskiya a wannan gari. Al'adar cire tamostat a jefar ta zama ruwan dare, daga Omdurman har Kano, kuma ba ta warkar da komai. Ɓoye cutar take yi, injin ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya sha mai, ya ci zobe. Abin da ke kawo zafi yawanci lagireto ne da ruwan rijiya mai gishiri ya toshe, ko murfinsa ya saki, ko fanka ta daina kamawa. Lafiyayyen murfi mai matsin kilo 0.9 yana hana ruwa tafasa sai ya doshi digiri 120, ga shi kuma da araha. Fankar 22R tana da kuloci mai ɗauke da man silikon. In injin na da zafi aka kashe shi, aka tura fankar da yatsa ta yi ta juyawa sakaka, to man ya ƙare. A sa lagireto mai layi uku, a mayar da kwandon da ke kewaye fanka in an yar da shi, a zuba ruwa tatacce da maganin hana tsatsa.

Bayan duk wannan ne za a saurari samarin da ke son mota ta yi tsalle. Abin da suka fi nema kafireta ce ta Weber 32/36, mai maƙogwaro biyu: ƙaramin yana aiki a tafiyar yau da kullum, babban ya buɗe in an take totur. Tana sa motar ta amsa da sauri, ba musu, amma tana son faranti na haɗi da ba ya shan iska, kuma ba ta son matsin mai da yawa, in ya yi yawa ambaliya take. Ƙaramar matatar iska mai ƙyalli da ake sayarwa tare da ita kuwa ba ta Sudan ba ce. Habub guda, wato guguwar ƙura, ya taso tsakanin Mayu da Yuli, ƙurar da za ta wuce ta cikinta ta isa ta fara cin bangon silinda. A yi dabara a haɗa ta da babban akwatin matata na asali, ko da bai yi kyau a ido ba. Salansa mai ɗan faɗi tana taimakawa. Wadda aka fasa don ƙara, maƙwabta kawai take tayarwa. Goge kan injin fiye da kima don ƙara matsi ban ba da shawararsa ba: sarƙa za ta yi sako-sako, taimin ya ja baya, kuma da irin fetur ɗin da ake samu yanzu injin zai riƙa ƙwanƙwasa a kowane hawa.

Kafin a fita titi a juye ruwan burki, a canza tiyoyinsa da tayoyin da rana ta fasa, ko da zanensu bai goge ba. A fara da zagaye cikin unguwa, daga Shari' Wahid zuwa wajen Suq Sitta, inda cunkoso zai gwada fanka da lagireto fiye da kowace doguwar hanya. In allurar zafi ta tsaya a tsakiya, a miƙe hanya a ba ta wuta, a dawo a kwance fulogi a duba bakinsu. Ruwan ƙasa-ƙasa daidai ne. Baƙi, mai ya yi yawa. Fari fat, mai ya yi kaɗan ko iska na shiga ta wani wuri, kuma sai an gano wurin kafin a sake tuƙa ta.