Amsoshin Tambayoyinku: Lafiyata Ƙalau, Me Zai Kai Ni Gwajin Sankara?

Tambaya: Shekaruna 38, 'ya'yana biyar, kuma babu inda ke yi mini ciwo. Ana ta shela a unguwarmu wai mata su je a duba musu bakin mahaifa saboda sankara. Ni gani nake kamar tonon ciwo ne. Kuma na ji ana cewa daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi sai ya bazu. Ina gaskiyar magana? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya ƙara lafiya, Ya raya zuri'a. Wannan gwaji don masu lafiya irinki aka yi shi, kuma yanzu da ba kya jin komai ne yake da amfani.

Kusan duk sankarar bakin mahaifa daga wata ƙwayar cuta take tasowa, wadda likitoci ke kira HPV. Ta hanyar saduwa ake ɗaukarta, kuma ta yi yawan da galibin masu aure kan gamu da ita ba su sani ba. Don haka babu abin kunya a ciki, ko macen da ba ta san kowa ba sai mijinta tana iya samu. Yawanci jiki kan kawar da ita da kansa. Amma a jikin wasu sai ta zauna, ta riƙa sauya fatar bakin mahaifa a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan sauyi kan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ya zama sankara, ko 5 zuwa 10 ga mai ƙanjamau da ba ta shan magani. Duk tsawon shekarun nan ba ciwo, ba jini. Kamar gara ce a cikin azara, daga waje ɗaki lafiya lau.

A wannan tsakanin ne ake so a gano abin. Ma'aikaciyar lafiya za ta shafa wani ruwa mai tsami a wurin, ta jira minti ɗaya, inda ya fara lalacewa sai ya yi fari. Wasu asibitocin kuma suna ɗan goge wurin su kai ɗakin gwaji a nemi ƙwayar kanta. Idan an ga alama, sau da yawa ana kashe wurin da zafi ko da sanyi cikin 'yan mintoci, ba tiyata, mahaifa kuma tana nan. Shawarar hukumar ita ce a fara daga shekara 30, mai ƙanjamau kuwa daga 25. Kin ga lokacinki ya yi.

Maganar ƙarfe kuwa tana ci mini rai, don ta ci rayuka. Gwaji ba ya yaɗa sankara. Abin da ke faruwa shi ne, mace ba ta isa asibiti sai an gama jiƙe-jiƙe da turare, ciwo ya riga ya ci jiki. In aka yi mata aiki ta rasu, sai a ɗora wa wuƙar likita laifin jinkirin da aka yi a gida.

A 2022 mata kusan 660,000 ne suka kamu da wannan cuta a duniya, kimanin 350,000 suka rasu, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na mamatan a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke, inda gwajin bai wadata ba. A Najeriya, ƙiyasin 2020 ya nuna sabbin kamu kusan 12,000 da mace-mace kusan 8,000.

In kina da 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, tun Oktoban 2023 Najeriya ta sa allurar rigakafin HPV cikin waɗanda ake yi kyauta. Ki kai su.

Ke kuma ki shawarci maigida, ki zaɓi ranar da ba kya al'ada, ki nemi mace ta duba ki in haka ya fi miki. Amma da zarar kin ga jini bayan saduwa ko tsakanin al'ada da al'ada, ko ruwa mai wari da ya ƙi tsayawa, kada ki jira ranar gwajin da ake shela, a satin nan ki je ki ga likita.